Tarihin Irna Phillips, Matar Da Ta Kafa Wasan Kwaikwayo Mai Dogon Zango

Yau za mu tsallaka teku ne zuwa ƙasar Amurka, domin mu kawo muku tarihin wata mata da ta rasu fiye da shekara 50 da suka wuce, wadda da wuya a samu mai sanin sunanta a cikinmu, amma kullum muna shan inuwar itacen da ta dasa.

Duk mai zaman kasuwa, ko a nan Dakoro ko a Maraɗi ko a Kantin Kwari na Kano, ya san cewa da zarar ciniki ya lafa, hira kan koma kan wasannin kwaikwayo masu dogon zango. Wata ta ce marubuci ya zalunci wance, wani ya ce ai wane bai dace da matsayin da aka ba shi ba. Idan ba mu manta ba, lokacin da Nafisat Abdullahi ta bar shirin Labarina aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, an daɗe ana tafka muhawara a kai. To, irin wannan ja-in-ja tsakanin masu kallo da masu shirya wasa ya girmi yawancinmu, kuma wadda ta fara ɗanɗana zaƙinsa da ɗacinsa ita ce Irna Phillips.

Haihuwarta da tasowarta

An haifi Irna Phillips ne ranar 1 ga watan Yuli na shekarar 1901 a birnin Shikago. Iyayenta Yahudawa ne 'yan asalin ƙasar Jamus, kuma ita ce auta a cikin 'ya'ya 10. Mahaifinta ɗan kasuwa ne, ya kuma rasu tana da shekara 8, inda ya bar mahaifiyarta da ɗawainiyar gida. Irna ta tashi cikin kaɗaici, tana sa kwancen tufafin yayyenta, kuma babban abin da ke ɗebe mata kewa shi ne ta jera 'yan tsananta ta riƙa ƙulla musu dogayen labarai, wannan ta auri wancan, waccan ta yi yaji.

Tana da shekara 19 ƙaddara ta faɗa mata. Ta samu juna biyu, saurayin ya gudu ya bar ta, abin da ta haifa kuma bai zo da rai ba. Wannan tabo bai taɓa barin zuciyarta ba, domin kuwa duk wanda ya bi labaran da ta rubuta daga baya zai ga suna cike da matan da aka yaudara, da 'ya'yan da aka rasa, da kuma masu neman wanda zai share musu hawaye.

Duk da haka ba ta watsar da karatu ba. Ta yi jami'ar jihar Ilinoi, burinta kuma shi ne ta zama 'yar wasan kwaikwayo, sai dai malamanta sun nuna mata cewa ba ta da irin kyan fuskar da ake nema a dandali. Ganin haka ta kama aikin koyarwa, inda ta shafe kimanin shekara biyar tana karantarwa a garin Dayton na jihar Ohayo.

Yadda ta shiga gidan rediyo

A shekarar 1930 ne ta ajiye alli ta koma gidan rediyon WGN da ke Shikago, wurin da ba a buƙatar kyan fuska, murya kawai ake nema. Shugabannin gidan suka nemi ta rubuta wani ɗan wasa da zai ja hankalin matan aure da rana, lokacin da maza sun fita nema, yara sun tafi makaranta. Ranar 20 ga Oktoba 1930 aka fara watsa shirin Painted Dreams, na minti 15, labarin wata dattijuwa da mijinta ya rasu mai suna Mother Moynihan, da 'yarta, da wata budurwa da ke zaune a gidansu. Irna ce ke rubutawa, ita ce kuma ke yin muryar dattijuwar. Masana da dama na ɗaukar wannan shiri a matsayin wasa mai dogon zango na farko da aka yi domin masu sauraron rana.

Shiri ya karɓu, sai rigima ta ɓullo. Irna ta so ta kai shi manyan tashoshi domin ƙasa baki ɗaya ta ji, gidan rediyon ya ce atafau shirin mallakarsa ne, tunda ita ma'aikaciya ce da ake biya albashi. A 1932 ta bar aikin ta garzaya kotu, bayan shekaru ana tafka shari'a kuma kotu ta ba gidan rediyon gaskiya. Wato dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga wannan lokaci ta ɗauki darasi, duk shirin da ta ƙirƙiro sai ta tabbatar haƙƙin mallakarsa na hannunta, ita ke ciniki da masu talla da kanta.

Ba ta tsaya jiran hukuncin kotu ba. Ta koma tashar WMAQ ta fito da wani shirin mai suna Today's Children, mai kama da na farko, dattijuwar cikinsa kuma ta kira ta Mother Moran. Halayen mahaifiyarta ta ɗora wa wannan dattijuwa, shi ya sa da mahaifiyar ta rasu a 1937, ta kasa ci gaba da rubuta shi, ta rufe shirin alhali yana kan ganiyarsa.

Ina ruwan sabulu da wasan kwaikwayo?

A nan ne 'yan'uwa 'yan kasuwa za su gane cewa tun asali wannan harka ciniki ce. Gidajen rediyon Amurka da kuɗin talla suke rayuwa, kamfanonin sabulu da na garin wanki kuma sun lura cewa uwargida ce ke yanke shawarar abin da za a saya a gida. Don haka suka riƙa ɗaukar nauyin waɗannan wasanni, ana tsaka da labari a tsaya a tallata sabulu. Babba a cikinsu shi ne Procter & Gamble, kamfanin da ke yin Ariel da Pampers. Wannan ne ya sa har yau sunan da Amurkawa ke kiran irin waɗannan shirye-shirye ma'anarsa wasan sabulu.

Irna ta fahimci abin da kowace mai tuwo-tuwo ta sani, cewa riba ba a cinikin yau kaɗai take ba, tana ga mai sayen da zai dawo gobe. Saboda haka ta riƙa yanke labari a daidai inda ya fi daɗi, yadda dole mai sauraro ya kunna rediyo washegari. Ta shigo da kiɗan da ke raba fitowa da fitowa. Ta kuma riƙa jan labari a hankali ana maimaita abin da ya gabata, domin matar da ta tashi duba tukunya ko goya yaro kada ta dawo ta tarar an bar ta a baya. Haka nan ta cika wasanninta da likitoci da lauyoyi da malaman addini, mutanen da kowa ke kai wa kukansa.

Ranar 25 ga Janairu 1937 ta fara shirin da ya fi kowane daɗewa, The Guiding Light, wato fitila mai nuna hanya. Labarin wani limamin coci ne da ke barin fitila a kunne a tagarsa duk dare, domin wanda ke cikin damuwa ya san akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ita kanta ta samu sanyin zuciya a wa'azin wani limamin coci na Shikago mai suna Preston Bradley bayan rashin jaririnta, daga nan ta samo tushen labarin. Sai dai nan ma ba ta tsira daga kotu ba. Wani mai suna Emmons Carlson ya yi ƙararta cewa sun yi yarjejeniyar baka kan shirin na haɗin gwiwa ne, kotu ta amince da shi, ta biya kuɗi masu yawa.

Zuwa farkon shekarun 1940 tana da shirye-shirye har biyar da ke tafiya a lokaci guda, tana samar da kalmomi kimanin miliyan biyu a shekara, tana kuma samun dalar Amurka 250,000 a shekara, kuɗin da maza ƙalilan ne ke samun irinsu a wancan zamani. Ba ta zama ta riƙe alƙalami. Zirga-zirga take yi a ɗaki tana kwaikwayon muryar kowane ɗan wasa, sakatariyarta Rose Cooperman tana rubutawa.

Ranar da masu sauraro suka zama alƙalai

Tun a rediyo Irna ta ga irin yadda mutane ke ɗaukar wasa tamkar gaske. Idan aka yi aure ko haihuwa a cikin shiri, sai kyaututtuka su riƙa isowa tasha, idan aka yi mutuwa kuma a aiko da ta'aziyya. A 1950, a cikin The Guiding Light, wata mai suna Meta ta harbe mijinta Ted White, bayan ɗansu ƙarami ya mutu sanadiyyar damben da uban ya tilasta masa koyo. Da aka gurfanar da Meta gaban kotun cikin wasa, sai Irna ta ce masu sauraro ne za su yanke hukunci. Kimanin mutum 75,000 suka aiko da ra'ayinsu, kusan dukkansu suka ce a sake ta, haka kuwa aka yi.

Amma ba kullum take biye musu ba. A 1958 ta kashe wata da masu kallo ke matuƙar ƙauna mai suna Kathy, wadda ke zaune a keken guragu, inda yara masu wasa suka ture keken ya gangara titi mota ta buge ta. Wasiƙun fushi suka yi ta kwarara tashar CBS. Irna ta shirya amsa guda aka riƙa aika wa kowa, inda ta nuna musu cewa wasa hoton rayuwa ne, tunda kuwa a rayuwa akwai ciwo da mutuwa kamar yadda akwai aure da suna, ba zai yiwu labari ya zama biki zalla ba.

Daga rediyo zuwa talabijin

Gwajinta na farko a talabijin, These Are My Children na 1949, bai kai wata biyu ba ya mutu. Ba ta karaya ba. Ranar 30 ga Yuni 1952 The Guiding Light ya shiga talabijin, kuma har zuwa 1956 'yan wasan na yin shirin sau biyu a rana, ɗaya na rediyo ɗaya na talabijin.

Daga nan ta dage cewa minti 15 ya yi kaɗan, a ba ta rabin sa'a. Masu talla suka yi ta jan ƙafa, daga bisani suka yarda. Ranar 2 ga Afrilu 1956 aka fara As the World Turns, labarin gidaje biyu, na Hughes da na Lowell, a wani gari na ƙage mai suna Oakdale. Da farko kasuwarsa ba ta buɗe ba, amma daga 1958 har zuwa 1978, shekara 20 ke nan, babu wani wasan rana da ya kai shi yawan masu kallo a Amurka. Wannan shiri ne ake nunawa ranar 22 ga Nuwamba 1963 lokacin da CBS ta katse shi domin sanar da harbin Shugaba Kennedy, 'yan wasan kuwa suka ci gaba da aikinsu ba su san abin da ke faruwa ba, kasancewar kai tsaye ake watsa shi.

A cikin wannan shiri ne ta fara karo da masu kuɗin. Ta ƙulla soyayya tsakanin Edith Hughes da wani magidanci mai suna Jim Lowell, ta kuma so ya rabu da matarsa su yi aure. Kamfanin sabulu ya ce sam, ba zai sa kuɗinsa a labarin da mai raba aure za ta ci riba ba. Da ta ga an tare mata hanya, sai ta kashe Jim ɗin kowa ya huta. Haka kuma a 1962, da ɗan wasa Mark Rydell ya bar shirin, maimakon ta ɗauko wani ya maye gurbinsa a matsayin Jeff Baker, sai ta kashe Jeff a haɗarin mota, lamarin da ya sa masu kallo suka yi ta kiran tasha suna aiko da wasiƙu cikin kuka da zagi.

Zaɓen 'yan wasa da zafin hali

Waɗanda suka yi aiki da ita sun shaide ta da ƙwazo, sun kuma shaide ta da zafin rai. Daga gidanta na Shikago take kallon shiri, da an gama sai ta ɗaga waya ta kira Niyu Yok ta zazzage musu kurakuran da ta gani. Ba ta kiran ɗan wasa da sunansa na yanka, sai da sunan da ta laƙaba masa a wasa.

Helen Wagner, wadda ta fito a matsayin uwargida Nancy Hughes, ta sha da ƙyar. Wata shida da fara shiri Irna ta kore ta, dalili kuwa wai ba ta iya tsiyaya gahawa yadda ya kamata ba. Ba a jima ba aka matsa mata lamba ta dawo da ita. Wannan mata da aka kora kan gahawa ita ce ta riƙe matsayin har rasuwarta a 2010, shekara 54 bayan fara shirin, har ta shiga kundin bajinta na Guinness. A 1964 kuma, da Irna ta fara shirin Another World tare da almajirinta William J. Bell, fitowa ɗaya tak ɗan wasa John Beal ya yi ta sallame shi.

Su ma masu kallo ba su bar 'yan wasan sun sarara ba. Eileen Fulton, wadda ta shiga As the World Turns a 1960 a matsayin Lisa, makira mai son abin duniya, ta iya wasanta har mutane suka tsane ta da gaske. Wata rana wata mata ta tare ta a titin Niyu Yok ta kai mata duka. Wannan abin lura ne gare mu, domin mu ma mukan ga ɗan wasan da ke fitowa a mugu mu riƙa yi masa kallon mugu, alhali sana'arsa yake yi, kamar yadda mai sayar da wuƙa ba shi ne mai yanka ba.

A 1967 ta sake yin karo da manya. Ta fara wani shiri a CBS wanda a cikinsa wata budurwa ruwa biyu, uwa 'yar Asiya uba Bature, ke soyayya da farar fata. Tashar ta ji tsoron abin da masu kallo za su ce, ta nemi a sauya labarin. Irna ta tattara takardunta ta bar musu shirin.

Ƙarshen rayuwarta

Irna ba ta taɓa aure ba. Bayan ta haura shekara 40 ta ɗauki riƙon yara biyu, Thomas da Katherine, ita Katherine ma daga baya ta bi sahunta a rubutun wasa.

A 1972 aka sake kiran ta ta karɓi rubutun As the World Turns. Ta kashe wata da ake so mai suna Liz, sannan ta shigo da wata sabuwa, Kim, mace mai tsayawa da ƙafarta, ta sa ta yi lalata da likita Bob Hughes, mijin 'yar'uwarta ta jini, mutumin da masu kallo suka ɗauka salihi tun yana saurayi. Wannan karon jama'a ba su tsaya ga wasiƙa ba, wasu sun fara juya wa shirin baya, yawan masu kallo ya ragu. Kamfanin Procter & Gamble ya duba littafin cinikinsa, a 1973 ya sallami matar da ta ƙirƙiro shirin da hannunta, bayan sun shafe fiye da shekara 30 suna hulɗa.

Watanni kaɗan bayan haka, ranar 23 ga Disamba 1973, Irna Phillips ta rasu a Shikago tana da shekara 72. Ba a yi wata sanarwa mai ƙarfi ba, har ta kai almajirarta Agnes Nixon sai da ta buga waya domin yi mata barka da Kirsimeti sannan ta ji labarin.

Abin mamaki, Kim da Bob da aka kore ta saboda su, marubutan da suka biyo baya sun ɗaura musu aure a 1985, suka kuma zama ma'auratan da masu kallo suka fi girmamawa har ƙarshen shirin. Ra'ayin 'yan kallo kamar farashin gero ne, na kaka daban, na bazara daban.

Abin da ta bari

The Guiding Light ya shekara 72 ana yin sa, daga 1937 zuwa 18 ga Satumba 2009. As the World Turns ya tsaya a Satumbar 2010, Another World kuwa a 1999. Almajiranta ma sun yi fice, Agnes Nixon ta ƙirƙiro All My Children a 1970, William J. Bell da matarsa kuma suka kafa The Young and the Restless a 1973 da The Bold and the Beautiful a 1987, waɗanda aka kalla a ƙasashe da dama.

Mu a ƙasar Hausa muna da namu gwanayen tun da daɗewa, irin su marigayi Usman Baba Pategi na Samanja Mazan Fama, da marigayi Ƙasimu Yero, da ƙungiyar Yazi Dogo a nan Nijar. Amma salon labari guda da ba ya ƙarewa, wanda ake yankewa a inda ya fi daɗi a kuma cusa talla a tsakiya, irin wanda muke gani a Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na tashar Arewa24, sawunsa na komawa ne ga wannan mata ta Shikago.

Akwai abin da 'yan kasuwa maza da mata za mu ɗauka a rayuwarta. Sau biyu tana tafka asara a kotu saboda ba a rubuta wane ne mai me ba tun farko, don haka duk haɗin gwiwar da za mu shiga, ko da ɗan'uwa ne, a rubuta a sa shaidu, kamar yadda addininmu ya yi umarni game da bashi. Sannan mai sayen da ke tsayawa yana ƙorafi har yanzu namu ne, wanda ya kamata mu ji tsoro shi ne wanda ya yi shiru ya koma rumfar maƙwabci. Wasiƙun zagi na shekara da shekaru ba su kayar da Irna ba, ranar da aka fara kashe akwatin talabijin ne aka nuna mata ƙofa.

A nan za mu dakata. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa, inda za mu kawo muku tarihin wani. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, amin.